Farin Kai da Baƙin Kai

Faɗan da muka yi da Tanko a kan ƙarfe ne, kuma a gaban tukunyata aka yi shi, mutane suna cin tuwo suna kallo.

Lokacin ina sayar da tuwo a bakin tashar Tasawa, ƙarƙashin wani itacen bedi, garajin Tanko yana bayan rumfata. Garaji dai suna ne. Inuwa ce da tarin tayoyi da ƙasar da ta ƙoshi da baƙin mai. Tanko jikan yayata ne, don haka mijina ne na wasa. Ni ina ce mashi maigida, shi yana ce mani amarya in yana son ƙarin miya, tsohuwa in ransa ya ɓaci.

Ranar nan ya turo inji biyu a kan amalanke ya sauke su gefen murhuna, mai yana ɗiga inda nake wanke kwanuka.

Na ce, "Maigida, gawar wa ka kawo mani har biyu?"

Ya ce, "Sadakinki ne, amarya. Zaɓi ɗaya."

Ya tsuguna yana nuna mani. Ya ce uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, wa da ƙane ne, kowanne zai shiga tsohuwar bashe ɗin da ya saya, motar nan mai buɗaɗɗen baya da ake rufewa da tamfol. Babban ya cire shi daga motar masu haƙar rijiya, kansa na baƙin ƙarfe ne. Ƙaramin daga wata motar agaji da ta kife a hanyar Mayahi, kansa fari ne, irin dalmar da Ɗan Azumi maƙeri ke narkawa yana zuba tukwane.

"Baƙin kai, ki dafa shi yini guda ba zai ce maki komai ba," in ji shi. "Amma nauyi gare shi, numfashinsa gajere ne. Ko mi na yi mashi, iyakarsa kusa take. Farin kai kuwa, in na kai shi Maraɗi aka goge mani fuskarsa, na sa mashi maƙogwaro biyu na shan mai, babu motar da za ta sha gabana daga nan har iyaka."

"In ya yi zafi fa?"

"Ba ni bari ya yi zafi."

"A bazara? A shekarar da rijiya ke ba da laka?"

Na ɗaga mashi tukwanena biyu. Ta ƙarfe, gadon uwata, sai ta cinye rabin itace kafin ta tafasa, amma na sha mance ta a wuta babu ruwa, ba ta taɓa ko murguɗa baki ba. Ta dalma kafin ka juya ta tafasa. Ka bar ta ta ƙafe, gindinta ya lanƙwashe. Ka zuba mata ruwan sanyi tana cikin wannan hali, ta tsage. Na ce ya ɗauki baƙin kai ya tafi a hankali ya dawo a hankali.

Ya yi dariya ya ce, "Tsohuwa, ke ma tuƙi kike, ni ma tuƙi nake, amma naki da muciya ne."

Masu cin tuwo suka kwashe da dariya. Abin ya ƙona mani rai. Na ce, "Muciyar ce ta kai ka girman da kake gaya mani haka. Uwarka za ka ɗora a kan tukunyar dalma, mara kunya."

Dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce, "Uwata anza take ci yanzu haka, 'ya'yan itacen daji, don yunwa. Kina son in tafi mata a kan jaki?"

Na watsa ruwan wanke-wanke kusa da ƙafarsa. Ya ja amalankensa ya koma baya. Daga ranar ya daina cin tuwona, yana aikawa ana sayo mashi na wata Bazabarma can ƙarshen tasha, wadda miyarta ko kare sai ya yi shawara.

Sai in faɗi ko wane ne shi. A Gidan Na Allah aka haife shi, wani ƙaramin ƙauye arewa da Urafan, bayan tudun rairayi. Ubansa manomi ne, ya rasu da wuri. Uwarsa Lalla ɗiyar makiyaya ce, mutanen raƙuma da shanu waɗanda suka zauna cikinmu tun kakanni har harshenmu ya zama nasu. Farin farko, na shekarar da soja suka karɓi mulki, shi ya koro Tanko Tasawa a ƙafa, ya sauka wurina ƙafafunsa a tsage. Ya shiga koyon gyaran mota don a can ne kawai ake ba aparanti, yaron gareji mai koyo, abincin rana. Sai hannunsa ya karɓa. Mutum ne mai jin ciwon mota da kunne, tana shigowa tasha zai ce ga abin da ke damunta. Ba ya shan taba, ba ya caca. Ciwonsa ɗaya, ba ya son a wuce shi a hanya.

Fari na biyu ya fi na farko mugunta. Gero ya fito tsawon yatsa ya ƙone. Mata suna tona gidan tururuwa suna sheƙe abin da suka samu, suna jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya rage. Jar dawar agaji tana zuwa manyan garuruwa, tana ƙarewa kafin ta haura tudu. Ga shi sojan ƙetare sun rufe iyaka. Amma a can ƙetaren akwai masara, akwai garin rogo, akwai isansi, wato man fetur, mai araha. Dabarar Tanko ita ce ya ɗauko isansi ya sayar a nan, ribar ta saya mashi hatsi. Isansin nan shi masu kaki ke farauta. Kada a tambaye ni ko na wane biro na gwamnati ne, ni ban taɓa bambance su ba, duk takalminsu ɗaya.

Sauran masu wannan sana'a da duhu suke bi, shi ya sa masu kakin ma da duhu suke tsaro. Tanko ya ce shi da tsakar rana zai bi, lokacin da ƙasa ke ƙona ƙafa, kowa yana kwance a inuwa ya cire takalmi. Kafin su ɗaura igiyar takalminsu ya wuce. Wannan shi ya sa yake son gudu, kuma wannan shi ya sa nake tsoron zafi.

Ina daga rumfata ina kallon aikin da gefen ido. Ya kai farin kai Maraɗi ya dawo da shi yana walƙiya. Ya ɗaura mashi maƙogwaron nan biyu. Ya ninka ƙarafan ƙarƙashin mota don ta ɗauki kaya, ya yanke tukunyar hayaƙi ya jefar, wai tana shaƙe numfashi. Ranar da ya tayar da ita, jakunan tasha suka tsinke igiya, wata mai fura ta kifar da ƙwaryarta. 'Yan tasha suka sa wa motar suna Ba Sallama, don ba ta tsayawa gaisuwa. Baƙin kai kuma aka bar shi gindin bedi, kaji suna hawa kansa.

Tafiyar farko ta yi kyau, ta biyu ma. Labari ya zo mani ta bakin 'yan kasuwar Urafan. Ashe ranar da ya fara isa Gidan Na Allah, mutane sun riga sun ɗaure kayansu, sun cire ƙyauren ɗakuna, za su bi sauran ƙauyuka su gangara kudu neman abin da za su ci. Ya sauke buhuna a gaban masallaci ya ce, "Ku kwance kayanku. Wanda ya tashi ya bar gonarsa, damina za ta zo ta tarar babu kowa. Ku zauna, ni zan riƙa kawowa." Suka kwance. Har 'yan tagwayen Sa'a, ƙanwarsa, da aka riga aka fidda rai da su, suka fara zama da kansu. Tun daga ranar ran ƙauyen nan gaba ɗaya ya rataya a kan motar nan, motar kuma a kan farin kai.

Akwai wani mutum a ƙauyen, Rabo, yayan Lalla, kawun Tanko. A da garkensa sai ya rufe rijiya. Fari ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya a gaban idonsa. Mutum ne da bai taɓa kai ruwa bakinsa ba sai dabbarsa ta sha. Da ya rasa abin kiwo sai ya ɗauki motar Tanko. Yana ce mata taguwa. In ta iso ya share mata ƙura da gefen rawaninsa, ya kafa mata inuwa da tabarma, ya kori yara. Tanko kuwa in ya iso ba ya kashe ta. Yakan bar ta tana gurnani a hankali har zafin ya sauka, sannan ya buɗe bakin tulun ruwanta na gaba, ya miƙa wa kawunsa ƙwarya ya ce ya shayar da ita, don ya ga abin yana faranta wa tsohon rai. Bai taɓa gaya mashi dalilin jiran ba. Ina ɗan ƙanwa zai buɗe baki ya koya wa kawunsa makiyayi yadda ake shayar da dabba?

Wata safiya ina hura wuta na ga inuwar mutum a kaina. Tanko ne. Tun faɗanmu bai tsaya nan ba.

Ya ce, "Kaka ta rasu jiya a Gidan Na Allah. An rufe ta."

Yayata ke nan. Na yi salati na zauna a kan turmi.

Ya ce, "Gobe in na dawo daga kudu, ki jira ni bayan gari wajen tsamiyar marina. Ba zan kashe mota ba, ki shirya mu wuce gaisuwa."

Washegari rana tana tsakar ka na ji kukanta tun daga hanyar Bawdeta. Na shiga gaba, bidon ruwa, wato jarka, tsakanin ƙafafuna. Bayanta buhuna ne da duro biyu na isansi da bai samu ya sauke ba. Ba mu yi nisa ba ya dubi madubi ya ce, "Riƙe da kyau, tsohuwa." Na waiwaya. Wata koriyar mota ce ta fito daga inuwar gawo tana bin mu.

Ba zan ɓoye ba, Ba Sallama ta yi gudu. Ban san ƙarfe yana iya haka ba. Ya bar hanya ya faɗa gonaki, busassun kututturen gero suna bugun cikinta kamar ana sussuka. Kallabina ya tafi ta taga. Kukan injin ya tashi ya yi siriri har na ji shi cikin haƙorana. Da muka zo tudun rairayi, inda kowace mota ke durƙusawa, ta haye shi da kayanta. Koriyar ta kai rabi ta nutse, na ga mutanen ciki sun fito suna dubanmu da hannu a ƙugu. Tanko ya yi ihu ya bugi sitiyari ya ce, "Amarya, ina baƙin kanki?" Ni hankalina yana wani wuri. Akwai wata 'yar allura a gabansa da yake ta satar kallo, na ga ta jingina da jan wuri, kuma ina jin wari irin na tukunyar da ta ƙafe.

Muka shiga Gidan Na Allah muka tarar da zaman makoki a ƙofar gida, maza a kan tabarmi, liman ya ɗaga hannu ana addu'a. Motar da ba ta da tukunyar hayaƙi tana ruri a kansu, babu mai jin amin ɗin wani. Wani dattijo ya ɗago kai ya dubi Tanko, ya sauke tafin hannunsa ƙasa. Tanko ya dubi allurar nan, ya dubi dattijon. Kakarsa ce aka rufe. Ya murɗa makulli ya kashe. Kafin ya buɗe baki an kama hannunsa an zaunar da shi a tsakiya, ana yi mashi gaisuwa ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma na shige wurin mata.

Ina rungume da Lalla, wadda ta zama ƙashi da fata, na ji ƙarar. Ba mai ƙarfi ba ce. Ƙas, sau ɗaya, sai huci. Matan ba su kula ba. Ni na san wannan ƙara, na taɓa jin ta a murhuna.

Na fito na tarar murfin gaban mota a ɗage, tururi yana tashi, Rabo yana tsaye da ƙwarya, hannunsa ɗaya ya ƙone har gwiwa bai ma lura ba. Ruwan randar ɗakinsa ne, mai sanyi, rabon gidansa na yinin nan, wanda matarsa ta kwana a bakin rijiya tana tatsa. Ya ɗura mata wani a baki, saura ya kwarara mata a ka, yadda ake yi wa dabbar da rana ta buga.

Tanko ya iso da gudu. Ya zaro wani siririn ƙarfe daga cikin injin ya duba. Man da ya kamata ya fito baƙi ya fito kamar kunu.

Rabo ya ce, "Ƙishirwa take ji, ɗana. Tun daga can nake jin tana haki. Ba a barin dabba haka."

Tanko ya daɗe yana kallon ƙarfen. Sannan ya ce, "Ka kyauta, kawu. Allah ya saka da alheri." Ya zauna a ƙasa ya jingina da taya.

Washegari da hantsi masu kaki suka iso, sawun taya ya kawo su har ƙofar gida. Duro biyu suna nan a bayan mota, babu abin musu. Suka ɗauki isansin suka ɗauki Tanko. Buhunan dai babbansu ya juya masu baya kamar bai gani ba. Da za a sa shi a mota ya ce wa uwarsa, "Inna, ba zan daɗe ba." Wannan maganar ita ta ƙarasa mutanen ƙauyen.

Na roƙi Lalla ta biyo ni Tasawa. Ta ce ɗanta ya ce a zauna. Na zage ta, na zagi dattawan, na ce motar nan ta mutu, mai ita yana hannun soja, kuma zamanin soja ba a tambayar ranar fitowa. Suka ce akwai hatsi, kafin ya ƙare zai dawo. Na bi motar kasuwar Urafan na koma ni kaɗai.

Bayan kwanaki sai ga Rabo a bakin rumfata, ɗauke da farin kai a kan gammo, ya taho da shi a ƙafa. Wani ya kwance mashi shi. Ya zagaya da shi duk garajin Tasawa, kowa ya duba tsagar ya girgiza kai. A nan ne wani mai dogon baki ya gaya mashi abin da ruwansa ya yi. Ya ajiye ƙarfen a gabana. Na nemi wanda zai kai baƙin kai ƙauye ya ɗaura a motar, kowa ya ce ba ya taɓa motar da masu kaki suka sa wa ido.

Hatsin ya ƙare. Suka ci irin shuka, suka koma anza. Lokacin da suka yarda su tashi, ƙafafun da za su kai su sun riga sun tafi. Lalla ta faɗi a hanya kafin Urafan, a nan aka rufe ta, ba ita kaɗai ba. Sa'a ta iso wurina da tagwayenta, ɗaya a baya ɗaya a kafaɗa, suka rayu. Damina ta sauka mai kyau a shekarar, a kan gonakin da babu kowa. Rabo ya zama ɗan garuwa a Tasawa, yana sayar da ruwa gida-gida har ya mutu, kuma bai taɓa bi ta gefen tasha ba. Farin kai na kai wa Ɗan Azumi ya narka ya zuba mani tukunya. Ba a zubar da ƙarfe a irin wannan shekara.

Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, sannan aka sako Tanko daga gidan kaso. Ban gane shi ba sai da ya yi magana. Haƙoran gaba sun tafi, yana tari mai fitowa daga ƙasan ƙirji. Ya je ya gaida kawunsa, ya ɗauke mashi garwa ya kai har gidan da za a zuba. Bai sake gina mota ba, faci ya koma yi wa tayoyi. Baƙin kai ya tarar da shi inda ya bar shi, na rufe shi da tsohuwar tabarma. Ya zuba mashi mai, ya wanke wasu abubuwa, ya murɗa. Ya yi tari biyu ya tashi. Tanko ya tsaya yana saurare har ya gaji, sannan ya kashe. Wani mai niƙa daga Mayahi ya ɗauke shi. An ce mani har yanzu yana can yana niƙa dawa, a hankali, daga safe zuwa la'asar.

Da bazarar ta ƙare ya ce zai koma Gidan Na Allah ya shuka gonar uwarsa, mutane kaɗan sun fara komawa. Na ce da wannan tarin? Ya ce da shi. Can ya rasu, gero yana bunni, bai ga girbi ba.

Safiyar da zai tafi ya zo ya zauna a kan bencina da ɗan ƙunshinsa. Na zuba mashi tuwo. Ya dubi tukunyar miya, ya ƙwanƙwasa ta da farce, ya kasa kunne.

Ya ce, "Amarya, wannan ƙarfen na san muryarsa."

Na ce, "Sadakina ne. Kai ka ce in zaɓi ɗaya."

Ya yi dariya har tarin ya kama shi. Da ya lafa ya ce, "Tsakaninki da Allah, tsohuwa. Da baƙin kai na ɗauka, da yaya?"

Motar Urafan tana ta kiran mutane. Na dube shi na ce, "Da sun kama ka tun tafiyar farko, da uwarka ta tashi da ƙafarta tun tana iya tafiya. Da kuma tagwayen Sa'a ba su kai Urafan ba, don ranar da ka fara isa ko kuka ba su iyawa. Ni ban san wanne ya fi nauyi ba, kai ma ba za ka sani ba. Miƙo kwanon in ƙara maka miya, mota za ta tashi."